Zhou Yongkang: yadda mai riƙe da 'yan sandan Sin da kotunanta ya ƙare a kurkuku

Tambaya: Malam, na ji labarin wani babban jami'in tsaro na ƙasar Sin mai suna Zhou Yongkang. An ce 'yan sanda da kotuna da jami'an leƙen asiri duk a hannunsa suke, amma daga baya aka kama shi aka yi masa ɗaurin rai da rai. Wane ne shi, yaya aka yi ya kai wannan matsayi, kuma ta yaya mai irin wannan ƙarfi ya faɗi ba a harba ko harsashi ɗaya ba? Cin hanci ne da gaske, ko kuwa siyasa ce?

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗin da aka ce an ci a gidansa, an ci su. Ban ga dalilin shakka a kan wannan ba. Sai dai ba kuɗin kaɗai ne suka kai shi gaban alƙali ba, domin a cikin manyan Jam'iyyar Kwaminis ta Sin na zamaninsa akwai waɗanda iyalansu suka tara dukiya mai yawa, kuma suna gidajensu ba wanda ya ce musu kanzil. Abin da ya ware Zhou shi ne ya tara mutane nasa na kansa a ma'aikatu mafiya hatsari, a ƙasar da jam'iyya ba ta yarda kowa ya zama ubangidan masu bindiga in ba ita ba. Kafin ka fahimci faɗuwarsa sai ka ga yadda ya tara waɗannan mutane, kuma labarin daga filin haƙar mai ya soma, nesa da ofishin 'yan sanda.

An haife shi a watan Disamba na 1942 a wani ƙauye kusa da birnin Wuxi, a lardin Jiangsu. Ɗan talakawa ne, ba ya cikin 'ya'yan manyan juyin juya hali irin su Xi Jinping da Bo Xilai, waɗanda iyayensu suka yi gwagwarmaya tare da Mao. Karatu ne ya fitar da shi daga ƙauye. A 1961 ya shiga Kwalejin Man Fetur ta Beijing, ya karanci binciken ƙarƙashin ƙasa, ya shiga jam'iyya a 1964, ya kammala a 1966, shekarar da Juyin Al'adu, hargitsin siyasar da Mao ya tayar, ya ɓarke. Aka tura shi arewa maso gabas, yankin Daqing, sannan a 1970 ya koma filin mai na Liaohe a lardin Liaoning. A nan ya yi shekara goma sha biyar, daga ƙaramin ma'aikacin safiyo har ya zama shugaban hukumar haƙar man yankin, ya haɗa da kujerar magajin garin Panjin a 1983.

Ka san harkar mai a Sin ta wancan lokaci duniya ce mai zaman kanta. Filin mai yana da gidajensa, makarantunsa, asibitocinsa, har da 'yan sandansa. Ma'aikata sukan yi shekara da shekaru a cikin sanyi da fadama, nesa da birane, kowa ya san kowa, kuma wanda ya ɗaga ka ba ka mantawa da shi. Tun da aka gano man Daqing a 1959, shugabannin wannan fanni irin su Yu Qiuli da Kang Shien suka zama masu faɗa a ji a Beijing, har ana kiran su da magoya bayansu rukunin 'yan mai. Zeng Qinghong, wanda daga baya ya zama na hannun daman Shugaba Jiang Zemin, shi ma daga wannan gida ya fito, domin ya taɓa zama sakataren Yu Qiuli. Masu nazarin siyasar Sin sun daɗe suna ganin Zeng da Jiang a matsayin iyayen gidan da suka tura Zhou sama.

A 1985 aka kira shi Beijing a matsayin mataimakin ministan man fetur. Da aka rushe ma'aikatar a 1988 aka mayar da ita kamfanin CNPC, ya zama mataimakin shugaba, ya jagoranci aikin neman mai a hamadar Tarim ta Xinjiang, sannan ya zama shugaban kamfanin daga 1996 zuwa 1998. Lokacin ya dace da wani babban sauyi: daga 1993 Sin ta koma tana sayen mai daga waje fiye da wanda take sayarwa, don haka dole kamfanoninta su fita neman rijiyoyi a ƙasashen ƙetare. A nan ne labarinsa ya taɓo nahiyarmu. A zamaninsa CNPC ya shiga Sudan gadan-gadan, ya ɗauki kashi 40 cikin 100 na haɗakar kamfanonin da ta haƙa man kudancin Kordofan da yankin Unity, aka shimfiɗa bututu har gaɓar Bahar Maliya, Sudan ta fara fitar da mai a 1999. Zhou bai manta da Khartoum ba, ya sake komawa a 2009 yana ɗaya daga cikin manyan shugabannin ƙasarsa. 'Yan'uwanmu na Damagaram kuwa sun san kamfanin ta hanyar rijiyoyin Agadem da matatar SORAZ da aka buɗe a 2011. Lokacin Zhou ya daɗe da barin kamfanin, amma wanda ke shugabantarsa, Jiang Jiemin, yaronsa ne, kuma sunansa zai sake fitowa a gaba.

Bayan CNPC ya yi ministan ƙasa da albarkatu na ɗan lokaci a gwamnatin Firaminista Zhu Rongji, sannan a ƙarshen 1999 aka ba shi sakataren jam'iyya na lardin Sichuan. A tsarin Sin sakataren jam'iyya shi ne mai lardi, gwamna a bayansa yake. Shekara uku kacal ya yi a Chengdu, babban birnin lardin, amma a nan ya kafa gida na biyu. Ya zo da sakatarorinsa daga Beijing, irin su Guo Yongxiang da Ji Wenlin, ya ɗaga jami'an wurin irin su Li Chuncheng, kuma 'yan kasuwa masu neman ma'adinai da filaye da madatsun ruwa suka gane cewa hanyar samun kwangila ta bi ta wajen ɗansa, Zhou Bin. Haka kuma a Sichuan ne ya nuna wa Beijing cewa hannunsa ba ya rawa: an matsa wa mabiya Falun Gong, wata ƙungiyar ruhaniya da gwamnati ta haramta, kuma a 2002 aka kama fitaccen malamin addinin Buddha na 'yan Tibet, Tenzin Delek, wanda ya mutu a kurkuku a 2015.

Mutumin da bai taɓa yin aikin ɗan sanda ko na kwana ɗaya ba, shi aka naɗa ministan tsaron jama'a a Disamban 2002. Wannan ba baƙon abu ba ne a Sin, domin jam'iyya ta fi son ɗan siyasar da ta amince da shi a kan kujerar fiye da ƙwararren ɗan sanda. Baƙon abin shi ne girman da aka haɗa masa. A lokaci guda ya zama ɗan ofishin siyasa na kwamitin tsakiya, ɗan sakatariyar jam'iyya, sannan a 2003 ɗan majalisar gudanarwa. Rabon da ministan 'yan sanda ya zauna a ofishin siyasa tun zamanin Hua Guofeng a shekarun 1970. Bayan abin da aka gani a Juyin Al'adu, Deng Xiaoping, jagoran ƙasar na bayan Mao, da mutanensa sun ƙi barin wannan kujera ta yi nauyi. Da zuwan Zhou aka koma gidan jiya.

Gaskiya a faɗe ta, farkon aikinsa akwai abin yabo. A farkon 2003 ya fitar da haramci biyar ga 'yan sanda, ciki har da shan giya a bakin aiki, ɗaukar bindiga ana shan giya, tuƙi cikin maye da caca, kuma an kori mutane da dama a kai. A shekarar ce wani matashi mai digiri, Sun Zhigang, ya mutu sakamakon duka a wurin tsare baƙin haure na cikin gida a Guangzhou, don kawai ba ya ɗauke da takardar izinin zama a birnin. Jama'a suka fusata, gwamnati ta soke dokar tsarewar gaba ɗaya. Amma matakin da ya fi tasiri a wannan shekara ba a yi ta yayata shi ba. Jam'iyya ta ba da umarni cewa a ɗaga shugabannin 'yan sanda na larduna da birane da gundumomi su shiga cikin manyan shugabannin yankunansu. A wurare da yawa shugaban 'yan sanda ya zama shi ne kuma shugaban kwamitin da ke sa ido a kan kotu da ofishin mai gabatar da ƙara. Ka duba abin da wannan ke nufi: wanda ya kama mutum ya fi wanda zai gurfanar da shi matsayi, ya kuma fi alƙalin da zai yanke masa hukunci. Lauyoyin Sin da kansu sun yi ta kuka da wannan tsari, domin alƙalin da zai wanke wanda 'yan sanda suka kawo dole ya saɓa wa maigidansa.

Wannan kwamiti shi ne zuciyar maganar. Sunansa kwamitin harkokin siyasa da shari'a, yana da reshe a kowane lardi da birni da gunduma, kuma na jam'iyya ne, ba na gwamnati ba. Na ƙoli da ke Beijing yana haɗa ministan tsaron jama'a, ministan tsaron ƙasa mai kula da leƙen asiri, ministan shari'a mai kula da gidajen yari da lauyoyi, shugaban kotun ƙoli da babban mai gabatar da ƙara, duk a teburi ɗaya ƙarƙashin sakatare ɗaya. A bakin 'yan jam'iyya soja shi ne bututun bindiga, wannan ɓangare kuma ƙotar wuƙa, kuma suna maimaita cewa dole ƙotar ta kasance a hannun jam'iyya. A watan Oktoba na 2007, a babban taro karo na 17, Zhou ya gaji Luo Gan a wannan kujera, ya kuma shiga zaunannen kwamitin ofishin siyasa, mutum tara da ke mulkin ƙasar. Shi ne na tara a jeri, amma jerin ba ya nuna nauyin abin da ke hannunsa.

Zamanin Shugaba Hu Jintao zamani ne na shugabancin gayya. Kowane ɗaya daga cikin taran yana da fanninsa, kuma al'adar ita ce kada ka sa baki a fannin wani, don kada a sa baki a naka. Hu ba mai tsawa ba ne, ga kuma inuwar Jiang Zemin da ba ta gushe ba. A irin wannan yanayi, mai riƙe da tsaro kusan ba shi da mai duba shi. Sannan abubuwa suka yi ta faruwa waɗanda suka sa kowa ya ji yana bukatarsa: tarzomar Lhasa ta Tibet a Maris na 2008, wasannin Olamfik na Beijing a Agustan shekarar, rikicin Urumqi ta Xinjiang a Yulin 2009 wanda hukumomi suka ce mutum 197 sun mutu, sai kuma 2011 da guguwar sauyi ta taso a ƙasashen Larabawa ta tsorata shugabannin Sin matuƙa.

Manufar da aka fi danganta shi da ita ita ce wadda suke kira kiyaye kwanciyar hankali. Tushenta matsala ce ta gaske. Zhou da bakinsa ya taɓa faɗa cewa zanga-zanga da tarzomar jama'a sun tashi daga kusan 10,000 a 1994 zuwa 74,000 a 2004. Yawancinsu ba na neman kifar da gwamnati ba ne. Manoma ne da aka ƙwace wa gonaki aka sayar wa masu gine-gine, ma'aikata da aka hana albashi, ƙauyawa da masana'anta ta gurɓata wa ruwa. Maimakon a buɗe musu ƙofar kotu, sai aka ɗora wa jami'an yanki nauyin hana maganar fita. Jami'in da aka yi babbar zanga-zanga a yankinsa na iya rasa ƙarin girma, ko da ya yi ƙoƙari a duk sauran fannoni. Ana kuma lissafa yawan masu kai koke Beijing daga kowane lardi, ana jera lardunan. Sakamakon ba ya bukatar dogon tunani: gundumomi suka riƙa tura mutane su tare masu koke a tashar jirgin ƙasa, ko su kama su a Beijing su kulle su a ɗakunan otal da gidajen da ba sa cikin kowace rajista, kafin a mayar da su gida. Wasu kuma a tura su sansanin gyaran hali ta hanyar aiki, inda 'yan sanda ke iya tsare mutum har shekara uku, a ƙara masa ɗaya, ba tare da ya ga alƙali ba.

Kuɗi ya bi wannan manufa. A kasafin 2011 an ware yuan (kuɗin Sin) biliyan 624 don tsaron jama'a, alhali kasafin soja biliyan 601 ne. A 2012 ya zama kusan biliyan 702 da biliyan 670. A yi hattara da waɗannan alƙaluma, domin kuɗin tsaron jama'a ya ƙunshi kotuna da gidajen yari da sauran ayyuka na yau da kullum, kuma yawancinsa larduna ne ke kashewa, ba ya bi ta aljihun Zhou. Duk da haka, ƙasar da ke kashe wa tsaron cikin gida fiye da abin da ta bayyana tana kashe wa sojanta, ta nuna inda tsoronta yake. A waɗannan shekaru ne aka ɗaure marubuci Liu Xiaobo shekara 11 a Disamban 2009, aka tsare mai zane Ai Weiwei kwana 81 a 2011, aka kewaye gidan makahon nan mai kare haƙƙin ƙauyawa, Chen Guangcheng, da masu gadi dare da rana a lardin Shandong. Chen ya tsallake katanga a Afrilun 2012 ya isa ofishin jakadancin Amurka a Beijing, abin da ya zama babban abin kunya ga hukumar da aka kashe wa wannan dukiya.

Amma kafin wannan, bangon ya riga ya tsage daga wani wuri. Ranar 6 ga Fabrairun 2012 Wang Lijun, wanda kwanaki kaɗan kafin nan aka tuɓe shi daga shugabancin 'yan sandan Chongqing, ya gudu zuwa ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Chengdu, yana tsoron maigidansa Bo Xilai. Ya zo da labarin cewa matar Bo, Gu Kailai, ita ta kashe ɗan kasuwar Ingila Neil Heywood a Nuwamban 2011. Bo shi ne sakataren jam'iyya na Chongqing, mai farin jini, mai neman shiga zaunannen kwamiti a ƙarshen shekarar, kuma rahotanni da yawa sun nuna kujerar Zhou ce ake sa ran zai gada. A watan Maris, ana tsakiyar taron majalisar wakilan jama'a, Zhou ya je wurin tawagar Chongqing ya yaba aikinsu a bainar jama'a. Mako guda bayan haka, ranar 15 ga Maris, aka tuɓe Bo. Kwanaki kaɗan sai jita-jita ta cika intanet cewa an ga motocin soja a Beijing, an ji harbi, Zhou ya yi yunƙurin juyin mulki. Ba a taɓa fito da hujjar hakan ba, kuma hukumomi sun kama masu yaɗa maganar, sun rufe sharhi a manyan shafukan sada zumunta na kwana uku. Abin da ke a fili shi ne Zhou ya tsaya kusa da mutumin da sauran shugabanni suka yanke shawarar kayarwa, a daidai lokacin da ake shirin miƙa mulki ga Xi Jinping.

To me ya hana shi kare kansa? Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara, kuma ƙarfin Zhou na aro ne. Soja ba nasa ba ne, yana ƙarƙashin kwamitin soja na tsakiya wanda Hu ke shugabanta, daga baya Xi. Rundunar da ke gadin manyan shugabanni, har da shi kansa, tana karɓar umarni daga babban ofishin kwamitin tsakiya. Naɗa manyan jami'ai da sauke su aikin sashen tsare-tsaren jam'iyya ne. Kwamitin ladabtarwa kuwa, wanda ke iya ɗauke ɗan jam'iyya ya tsare shi watanni babu lauya babu kotu, shi ma ba ya ƙarƙashinsa. Ga kuma shekaru: al'adar ita ce wanda ya kai 68 a lokacin babban taro ya sauka, shi kuwa yana dab da 70. A Nuwamban 2012, a taro karo na 18, ya yi ritaya kamar sauran tsararsa. A taron ne aka rage zaunannen kwamiti daga tara zuwa bakwai, aka fitar da kujerar tsaro daga ciki, aka ba Meng Jianzhu ita a matsayin ɗan ofishin siyasa kawai. Tun kafin a taɓa mutumin, an riga an rage wa kujerar tsayi. Ranar da ya sauka, 'yan sandan da ke sara masa suka koma sara wa wani, kuma babu wanda ya isa ya yi kasadar rayuwarsa don tsohon da ba ya iya ƙara masa girma.

Xi ya zo da alkawarin farautar damisa da ƙudaje, wato manya da ƙanana, ya damƙa aikin a hannun Wang Qishan, shugaban kwamitin ladabtarwa. Ba su fara da Zhou ba, gidajensa uku suka bi ɗaya bayan ɗaya. A Disamban 2012, ƙasa da wata ɗaya bayan taron, aka ɗauke Li Chuncheng, mataimakin sakataren jam'iyya na Sichuan. A 2013 aka kama hamshaƙin mai ma'adinai Liu Han, aka bi da Guo Yongxiang. A Agusta da Satumba aka shiga gidan mai, aka kwashe manyan jami'an CNPC, har da Jiang Jiemin, wanda watanni kaɗan kafin nan aka ba shi shugabancin hukumar da ke kula da dukkan manyan kamfanonin gwamnati. A Disamba aka taɓa gidan tsaro, aka kama mataimakin ministan tsaron jama'a Li Dongsheng, tsohon jami'in gidan talabijin na ƙasa da aka kawo ma'aikatar a zamanin Zhou. A Fabrairun 2014 sai Ji Wenlin, wanda ya kai mataimakin gwamnan Hainan. Kowane ɗaya da aka kama ya san wani abu, kuma ya san babu mai zuwa ceto. Ganin ƙarshe da jama'a suka yi wa Zhou yana da 'yancinsa shi ne ranar 1 ga Oktoban 2013, a bikin cika shekara 60 na tsohuwar makarantarsa. A Maris na 2014 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa an ƙwace kadarorin da suka kai aƙalla yuan biliyan 90 daga danginsa da makusantansa, an kuma tsare ko an yi wa sama da mutum 300 tambayoyi.

Sanarwar bincikensa ta fito ranar 29 ga Yulin 2014, jimla guda, kuma ba a kira shi da laƙabin ɗan'uwa a jam'iyya ba, wanda duk mai bin siyasar Sin ya gane ma'anarsa. A farkon Disamba aka kore shi daga jam'iyya. An yi shari'arsa a asirce ranar 22 ga Mayun 2015 a wata kotu a Tianjin, aka yanke hukunci ranar 11 ga Yuni: ɗaurin rai da rai. Aka nuno shi a talabijin gashinsa ya yi fari fat, ya ce ya amince da hukuncin, ba zai ɗaukaka ƙara ba. Tun kafuwar Jamhuriyar Jama'ar Sin a 1949, shi ne mafi girman jami'i da aka ɗaure da laifin cin hanci. Rabon da a gurfanar da wanda ya zauna a zaunannen kwamiti tun shari'ar Gungun Mutum Huɗu, jagororin Juyin Al'adu, a 1980 zuwa 1981. Ko Zhao Ziyang, babban sakataren jam'iyya da aka tuɓe a 1989, ɗaurin talala aka yi masa a gida, ba a kai shi kotu ba.

Ka karanta hukuncin da kyau, akwai abin lura. Kotu ta ce cin hancin ya kai kusan yuan miliyan 130, amma abin da Zhou ya karɓa da hannunsa yuan 731,100 ne, daga Jiang Jiemin. Ragowar matarsa Jia Xiaoye da ɗansa Zhou Bin ne suka karɓa, suka sanar da shi daga baya. An same shi da laifin amfani da muƙami wajen taimaka wa ɗansa, ƙanensa da wasu makusanta su ci haramtacciyar riba ta sama da yuan biliyan 2, da kuma miƙa takardun sirri shida ga Cao Yongzheng, wani mai da'awar duba da warkarwa da ya amince da shi. Haka cin hancin manya yake a can: babba ba ya taɓa kuɗi, waya kawai zai ɗaga, rijiyar mai ko fili ya tafi hannun dangi a farashi mai arha. An ɗaure Zhou Bin shekara 18, Jia Xiaoye shekara 9, Jiang Jiemin 16, Li Dongsheng 15, Li Chuncheng 13. Liu Han kuwa an zartar masa da hukuncin kisa a Fabrairun 2015 bisa laifin kisan kai da jagorantar gungun 'yan daba.

Ɓangaren siyasar, jam'iyya ce da kanta ta faɗe shi, a wajen kotu. A Maris na 2015 wani rahoton kotun ƙoli ya ce Zhou da Bo sun gudanar da harkokin siyasa a bayan tsarin jam'iyya. A Oktoban 2017, a gefen babban taro karo na 19, shugaban hukumar kula da kasuwar hannayen jari na lokacin, Liu Shiyu, ya ambaci sunayensu tare da wasu manyan da aka kayar, wato Ling Jihua, Xu Caihou, Guo Boxiong da Sun Zhengcai, ya ce sun ƙulla makircin ƙwace mulki. Ba a tuhumi Zhou da wannan a kotu ba, kuma ina ganin dalilin a bayyane yake. Shari'ar cin hanci tana nuna mutum ɗaya da ya lalace. Shari'ar makircin mulki kuwa za ta nuna cewa kan shugabannin a rabe yake, abin da jam'iyya ba ta son talaka ya gani. Shari'ar Bo a Jinan a 2013 ma ta koya musu darasi, domin an bar wasu bayanai sun fita, Bo kuma ya yi ta musu da shaidu. Da aka zo kan Zhou, wanda ya san sirrin kowa, sai aka rufe ƙofa.

Abin da ya fi damuna a wannan shari'a shi ne waɗanda ba a kira ba. Babu tuhuma ko ɗaya a kan matar da aka kulle a ɗakin otal don ta kai koken gonarta, ko lauyan da aka azabtar, ko wanda aka tilasta wa amsa laifin da bai yi ba. A ganina nan ne babban laifin shekarunsa goma yake, ya fi na kuɗin nauyi nesa ba kusa ba. Ba a tuhume shi da shi ba saboda ba laifinsa shi kaɗai ba ne, manufar jam'iyya ce ya aiwatar, da amincewar sauran takwas ɗin. An yi wasu gyare-gyare bayansa, kuma bai kamata a raina su ba: an soke sansanonin gyaran hali ta hanyar aiki a Disamban 2013, an daina jera larduna bisa yawan masu koke, an kuma raba kujerar shugaban 'yan sanda da ta shugaban kwamitin shari'a a yawancin larduna. Amma wata guda bayan yanke masa hukunci, a Yulin 2015, aka fara kamen lauyoyi masu kare haƙƙin jama'a wanda ya shafi mutum ɗari biyu zuwa uku, kuma tsare ɗimbin Musulmin Uyghur a sansanoni da ya biyo baya a Xinjiang daga 2017 ya zarce duk abin da aka gani a zamaninsa.

Injin da ya gina bai rushe ba, matuƙi aka sauya. A ƙarshen 2013 aka kafa kwamitin tsaron ƙasa na tsakiya, Xi ne shugabansa. Daga 1 ga Janairun 2018 aka mayar da rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai kacokan ƙarƙashin kwamitin soja, ta yadda gwamna ko minista ba zai iya tura ta da kansa ba. Sharar gidan tsaro kuma ba ta tsaya a kan yaran Zhou ba. Mataimakin ministan tsaron ƙasa Ma Jian ya samu ɗaurin rai da rai a 2018. Meng Hongwei, wanda ya zama mataimakin minista a zamanin Zhou, yana shugabancin 'yan sandan ƙasa da ƙasa na Interpol aka kama shi a 2018 da ya koma gida, aka ɗaure shi shekara 13 da rabi. A Satumban 2022 aka yanke wa wasu tsofaffin mataimakan ministan tsaron jama'a biyu, Sun Lijun da Fu Zhenghua, hukuncin kisa da aka jingine, wanda ke komawa zaman kurkuku har mutuwa, kuma Fu yana cikin waɗanda rahotanni suka ce sun jagoranci binciken Zhou ɗin kansa. Zargin da aka yi wa Sun shi ne irin wanda aka yi wa Zhou, wato tara rukuni na kansa a cikin 'yan sanda.

In kana son bin wannan fanni nan gaba, ɗan'uwa, ka riƙa duba wanda aka ba kujerun nan biyu da kuma matsayin da aka haɗa masa. A 2022 aka ba Wang Xiaohong ministan tsaron jama'a, mutumin da ya yi aikin ɗan sanda a Fuzhou tun lokacin da Xi ke shugabantar birnin a shekarun 1990. Kwamitin siyasa da shari'a kuma aka ba Chen Wenqing, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Wang Qishan a kwamitin ladabtarwa kafin ya riƙe ma'aikatar tsaron ƙasa. Daga Meng Jianzhu zuwa Guo Shengkun zuwa Chen, a taron 2012 da na 2017 da na 2022, babu ɗayansu da aka bari ya shiga zaunannen kwamiti.